Hoton Da Ya Ƙi Fitowa

Shafi na 31

*Masu yi wa Malama ruwan zagi a ƙarƙashin shafin da ya wuce, duk na karanta. Ku ɗan sassauta mata. Ba kowa ke iya zargin wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi ba.*

Kwana biyar ke nan Injiniya yana fama da na'urar, kwana biyar fuskar kwamfutar tana nan baƙa ƙirin.

Malama na tsaye a bayan mijin nata da kofin shayin da ya riga ya huce. A kan teburin cin abinci ya baje komai: tsohuwar na'urar gem, wato wasan bidiyo, ta ƙaninta Auta, wadda kafinta ya zaro daga cikin silin gidan mahaifiyarsu Umma a makon jiya, da hannayen gem ɗin guda biyu da ake bugawa da su, da ɗan abin nan mai kama da filasha da ake soka wa kwamfuta don ta ɗauki hoton wasan. Igiyoyi uku ne suka haɗa su, yalo da fara da ja. Talabijin ɗin gidan sabuwa ce, ba ta da ramukan irin waɗannan igiyoyin, don haka in ba ta kwamfutar ba babu inda za a ga abin da ke ciki.

Ya kunna. Na'urar ta yi ɗan gurnani, siririn kiɗan buɗewarta ya fito ta lasifika.

"Kin ji ko? Sauti na zuwa. Hoto ne babu."

"To me ke hana hoton?"

"Abubuwa da yawa, Malama. Ko igiya ta mutu, ko wannan ɗan abin ɗaukar jabu ne, ko ita na'urar wani abu ya ƙone a cikinta. Shekara tara fa tana shan zafin kwano."

"Jiya ka ce igiya ce, ka sake ta."

"Na sake."

"Shekaranjiya ka ce kwamfutar ce ba ta gane abin ɗaukar ba."

"Ta gane yanzu. Ke da kike koyar da yara lissafi, ai kin san ba kowace amsa ke fitowa a layin farko ba."

Dariya ya yi, ita ba ta yi ba. Mutumin da duk layin masu gyara ke kawo wa abin da ya gagare su, yau shi ne igiya uku suka tsaya wa a wuya.

Shekara tara ke nan Auta yana gidan yari. An kashe mai gadin ma'ajiyar kayan da yake aiki da ƙarfe huɗu na wata yammar Laraba, aka tsinci rigar aikinsa a wurin duk jini. Shi kuwa tun ranar farko magana ɗaya yake nanatawa: yana ɗakinsa na gidan Umma a lokacin, suna buga tseren mota da abokinsa. Abokin shi ne wannan da ke zaune gaban kwamfutar, a lokacin saura wata biyu aurensa da Malama. Ya tsaya gaban alƙali ya rantse rabonsa da ɗakin Auta ya fi mako, na'urar ma Auta ya ce masa ya sayar tuntuni. Aka je ɗakin aka duba, babu na'ura. Malama ta zaɓi wanda za ta gaskata, ta aure shi.

Sai bana, da tari ya kama Auta ya ƙi sakinsa, ya yarda ta ziyarce shi. Ranar da ta gaya masa an ga na'urar, ya matso jikin ragar ƙarfen da ke tsakaninsu ya yi magana.

"Ki duba memorin, ɗan katin nan da ke jikinta, Yaya. Na adana tseren ranar, don ni na ci. Da kwanan wata da lokaci, duk suna nan."

Barista, matar da ta karɓi shari'ar, ta ce ranar Litinin kwamitin sake duba tsofaffin shari'u zai rufe karɓar takardu. Tana son bidiyo garau, wanda za a iya karanta kowane rubutu a cikinsa. Yau Asabar.

Injiniya ya ture kujera baya ya miƙe.

"Bari na leƙa shago. Akwai wani abokin aikina da ke da irin wannan na'urar, tasa lafiya lau take. Kawo memorin na gwada a can."

Ba ta san lokacin da hannunta ya dafe ƙirjinta ba. Nan ɗan katin yake, naɗe cikin hankici, tun ranar da aka zaro shi.

"Barista ta ce kar na saka shi sai hoto ya fito kuma na danna ɗauka. Ta ce kar na ba kowa."

"Ni ne kowa?"

"Haka dai ta ce."

"Na tambaye ki, ni ne kowa?"

"Ka ɗauko na'urar abokin naka ka zo da ita nan. Ai duk ɗaya ne."

Kallonta ya yi, irin kallon da yake yi wa abin da aka kawo gyara ya rasa ta inda zai ɓalle shi. Ya ɗauki makullin mota.

"Kar ki taɓa komai. In kika haɗa ba daidai ba sai ki ƙona abin da ya rage."

Ta ji tashin motar, ta ji an ja ƙofar waje. Yaran suna gidan ƙanwarsa tun jiya, gidan ya yi tsit sai ƙarar firji.

Ta kai kofin kicin ta wanke, ta dawo ta tsaya gaban teburin. Ta koma kicin ta goge inda babu datti, ta sake dawowa. A karo na uku ne ta ja kujerar ta zauna.

A wayarta ta nemo bidiyon wani dattijo mai gilashi da ke koyar da yadda ake haɗa irin wannan abin. Ta jingina wayar da gwangwanin sukari, ta ɗauko biro da takarda kamar yadda take sa ɗalibanta su yi.

Dattijon ya ce a fara duba ko manhajar ɗaukar ta zaɓi abin da ya dace, don wani lokacin kyamarar kwamfutar take kallo. Ta duba. Sunan abin ɗaukar ne a wurin. Ta ja layi.

Ya ce a canza ramin da aka soka shi. Ta zare daga hagu ta mayar dama. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, fuskar ta lumshe ta dawo baƙa.

Ya ce akwai wurin da ake gaya wa manhajar ta wace igiya hoton zai shigo, ta yalo ko ta wata baƙa mai zagayayyen baki. Ta buɗe wurin. A kan baƙar aka ajiye shi, alhali babu wata baƙar igiya a teburin nan gaba ɗaya.

Ta daɗe tana kallon wurin.

"Mantuwa ce," ta faɗa a fili. "Kowa na mantuwa."

Ta mayar da shi kan yalo. Ta kunna na'urar. Kiɗan ya fito, hoto bai fito ba. Wani sanyi ta ji a ranta, ta kuma ji kunyar sanyin. Ashe so take yi abin ya ƙi, don mijinta ya zama mai gaskiya.

Dattijon ya ce in sauti na zuwa hoto ba ya zuwa, to a zare igiya yalo a duba bakinta, ko ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe.

Ta zare. Sabuwa ce fil, ita ce ya kawo jiya. Ƙarfen bakin yana sheƙi, babu tsatsa babu lanƙwasa. Har za ta mayar sai ta ji yatsanta ya ɗan manne. Ta tashi ta je bakin taga ta ɗaga shi a haske.

Salatif ne. Siriri, fari kar kamar ruwa, an yanka shi daidai tsawon ƙarfen an naɗe shi tsaf, babu ko kumfar iska. Aikin mai hannu ne, wanda ya saba da ƙananan abubuwa. Ta san hannun. Shi ne yake saka mata zare a allura in idonta ya gaji.

Ta zaro fara, babu komai. Ta zaro ja, babu komai. Ta je kwandon shara ta tono tsohuwar igiyar da ya ce ta mutu. Ita ma bakin yalon a naɗe yake.

A ƙasa ta zauna, bayanta jingine da ƙafar teburin, igiyoyi biyu a cinyarta. Kuka bai zo ba. Abin da ya zo shi ne muryarsa ta shekaranjiya, yana share gumi yana cewa, "Wallahi na fi ki son hoton nan ya fito, ko hankalinki ya kwanta."

Da farce ta kankare salatif ɗin. Ya ƙi fita gaba ɗaya, sai da ta sa haƙori. Ta liƙa guntun a jikin takardarta, ta tashi ta soka igiyar.

Hoto ya faɗo.

Sai dai babu launi, fari da baƙi ne, kuma yana ta gudu daga ƙasa zuwa sama kamar ana jan labule. Rubutu ba ya karantuwa. Ta matsar da bidiyon dattijon gaba. Ya ce tsofaffin na'urori tsarin hotonsu iri biyu ne, in aka zaɓi wanda ba nasu ba haka suke yi. Ta nemo wurin, ta canza zuwa ɗayan.

Hoton ya tsaya cak. Shuɗi ya cika fuskar kwamfutar.

Faifan tseren motar yana cikin na'urar tun wancan lokacin. Ta ji yana juyawa, ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya. Rubutu ya fito cewa an kasa karanta faifai. Ta fito da shi, ta hura masa iska, ta goge da gefen ɗankwalinta daga tsakiya zuwa baki kamar yadda take ganin Auta na yi suna yara. Ta mayar. Ya ƙi. Ta sake gogewa.

"Don Allah," ta ce wa faifan. "Don Allah."

A karo na huɗu ya kama. Ƙarar injin mota ta cika falon.

Ta danna jan maɓallin ɗauka. Hoton ya fara sarƙewa, yana tafiya yana tsayawa. Ta rufe duk sauran abubuwan da ke buɗe a kwamfutar, ta jona mata caji, ta tsayar ta sake dannawa. Wannan karon lambobin da ke ƙasa suka fara tafiya sumul.

Sannan ta warware hankicin.

Memorin ya shiga raminsa da ɗan ƙara. Ta ɗauki hannun gem ɗin, wanda robar maɓallinsa ta cinye a gefen da babban yatsan Auta ke zama, ta shiga wurin da ake adana tsere. Guda goma sha ɗaya ne a jere. Ta gangara na ƙarshe.

Kwanan watan nan ba sai ta duba takarda ba. Ta ji shi a bakin alƙali, ta ji shi a bakin lauyoyi, ta ji shi a mafarki. Shi ne a rubuce. A gefensa lokaci: huɗu da minti goma sha biyu na yamma.

Daga gidan Umma zuwa ma'ajiyar tafiyar awa guda ce.

Ta danna.

Fuskar ta rabu biyu, sama da ƙasa. Jar mota a sama, an rubuta AUTA. Farar mota a ƙasa, an rubuta TSINKE.

Babu mai kiransa haka yanzu, ya yi jiki ya ajiye tumbi. Amma a wancan zamanin, da yake zuwa zance da wando yana zame masa, duk gidansu Tsinke suke ce masa. Ita ce ma ta raɗa masa sunan.

Motocin suka tashi. Ta zauna tana kallo, hannun gem ɗin a cinyarta, babu mai taɓa shi, motocin suna shan kwana da kansu yadda hannayen mutum biyu suka juya su shekara tara da suka wuce.

Ba ta ji dawowar motar ba. Inuwarsa ta fara gani a kan teburin.

Babu wata na'ura a hannunsa. Makulli ne kawai.

Bai kalle ta ba, kwamfutar yake kallo. Farar motar ce a gaba. Suka shiga wata doguwar gada, suka fito, kwana mai kaifi ya taho.

"A nan ya wuce ni," ya ce a hankali.

Jar motar ta kutsa ta ciki ta wuce.

Malama ta bari har tseren ya ƙare, sunan Auta ya fito a matsayin na ɗaya. Ta tsayar da ɗaukar. Ta kashe na'urar, ta zare memorin, ta naɗe a hankicin ta mayar inda yake. Yana tsaye yana kallonta, bai hana ta ba.

Ta tura masa takardar da guntun salatif ɗin ke liƙe.

"Wannan naka ne."

Ya duba, ya ja kujera ya zauna.

"Na ce kar ki taɓa."

"Abin da za ka fara faɗa ke nan?"

"Me kike so na ce?"

"Kana ɗakin."

"Ina ɗakin."

"Da ƙarfe huɗu."

"Tun ƙarfe biyu."

"Ka rantse a kotu. Ina zaune a benci na biyu, ina kallon ƙeyarka. Auta ya juyo yana kiran sunanka, yana cewa ka faɗa musu mana, ka faɗa musu. Ka tuna?"

"Na tuna."

"Na fito na same ka a bakin ƙofa kana kuka, ni na ba ka haƙuri. Ni. Na ce ba laifinka ba ne, gaskiya ka faɗa."

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin.

"Shekara takwas ya ƙi ganina," ta ce. "Ina zuwa ina zama a layi tun safe, a fito a ce ya ce ba shi da yaya mace. In dawo gida ka ce na ƙyale shi, zafin abin da ya aikata ne. Na haifa maka yara uku a cikin shekarun nan. Ka ga hotonsa na kwanan nan? Ka ga wuyansa?"

"Malama."

"Yana tari yana tofar da jini. Shekararsa talatin da ɗaya, haƙoransa na gaba sun zube."

"Na sani."

"Ta ina ka sani? Ka taɓa zuwa?"

Ya ci gaba da murza makullin.

"Kai ka kashe mai gadin?"

Sai a lokacin ya ɗago.

"Ya zan kashe shi ina ɗakin? Ke da kanki kika gani yanzu. Abin da ya wanke shi ni ma ya wanke ni."

Gaskiya ne, kuma sai ta ji abin ya fi muni. Da shi ya yi kisan, da ta san sunan da za ta kira abin.

"To don me? Me ya yi maka? Shi ya fara kawo ka gidanmu. Shi yake kawo mini saƙonka."

"Babu abin da ya yi mini."

"Don me, na ce."

Ya ajiye makullin a kan teburin, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Bayan tseren nan mun jima muna hira, da ƙarfe biyar ta gota Auta ya shiga wanka. Ni na fito tsakar gida zan tafi. Sai aka turo ƙofar baya. Mutum ya shigo daga shi sai singileti, hannayensa har gwiwa jini ne. Ya tsaya gaban famfo ya kasa murɗa shi. Umma ce ta fito ta murɗa masa."

Malama ta tsura masa ido.

"Wane ne?"

"Ku nawa Umma ta haifa?"

Su uku ne. Ita, da Auta, da Yaya Babba. Yaya Babba da ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, wanda yanzu yake da yara biyar da furfura a gemu, wanda ko yau da safe ya kira ta yana tambayar jikin Auta.

"Ƙarya kake yi."

"Rigar aikin Auta ya ɗauka don a bar shi ya wuce ƙofa. Kaya ya je kwasa, mai gadin ya gane shi. Ya ce bai yi niyya ba. Ya tuɓe rigar a can ya gudo."

"Ƙarya kake yi. Ka saba."

"Umma ta juyo ta gan ni. Ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Tsohuwar nan ta durƙusa a gabana, ta riƙe ƙafata. Ta ce Yaya Babba na da mata da ƙananan yara, shi ke ɗauke da kowa. Ta ce Auta yaro ne, ba shi da kowa a wuyansa, kuma babu wanda ya gan shi a wurin, riga kawai ce, za a riƙe shi wata biyu a sake shi. Haka ta ce, wata biyu. Ni ma haka na ɗauka."

"Da aka yanke hukuncin fa? Da ka ji ba wata biyu ba ne?"

"Na riga na rantse. In na janye ni ma ciki zan shiga. Kuma Umma ta ce in na buɗe baki, ke da ni har abada."

"Da ni aka saye ka ke nan."

"Ina sonki ne."

"Kar ka sake faɗar kalmar nan a gidan nan."

A waje wata mota ta wuce da kiɗa.

"Na'urar fa? Wa ya kai ta sili?"

"Ni na hau. Na ce mata a ƙona, ta ce ba za ta iya ba, kayan ɗanta ne."

Wata dariya ta kubce wa Malama, marar daɗin ji. Ta miƙe ta rufe kwamfutar ta rungume ta, ta ɗauki wayarta.

"Ina za ki?"

"Wurin Barista."

"Zauna ki yi tunani. In kika kai wannan, Auta zai fito, na yarda. Ni zan shiga. Yaya Babba zai shiga, kuma shi ba fitowa zai yi ba. Umma ma sai an kira ta. Yara takwas ne tsakanin gidana da nasa. Kin lissafa?"

"Kai ka lissafa wancan lokacin, ka ga amsar da ka samu."

Ta nufi ƙofa. Bai tashi ba, bai ko miƙa hannu ba, wannan ne ya sa ta rage sauri.

"Ba shago na je ba," ya ce daga bayanta.

Ta tsaya.

Labulen ƙofar falon ya motsa. Sanda ce ta fara shigowa, sannan ƙafa mai ciwo, sannan Umma gaba ɗayanta, ƙarama, a duƙe, mayafinta ya zame gefe ɗaya. Da gani ta jima a tsaye a barandar. A bayanta ta cikin taga Malama ta hango mutum zaune a gidan baya na motar, ya kifa kai a jikin kujerar gaba. Ta san wannan furfurar, ta Yaya Babba ce.

"Umma," ta ce. Muryarta ta fito kamar ta yarinya. "Ki ce ƙarya yake yi."

Umma ba ta kalli surukin nata ba. Ba ta kalli na'urar da ke kan teburin ba. Idonta na kan ƙirjin 'yarta, daidai inda hankicin ya ɗan turo riga.

"Ki ce ƙarya yake yi, Umma, ni kuma wallahi zan yarda. Na iya yarda. Shekara tara ina yi."

Tsohuwar ta jingina sandar da bango. Ta tako ɗaya, biyu, ta tsaya tsakanin Malama da ƙofa. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe.

"Ba ni abin nan."

"Mutuwa zai yi a can. Likitan gidan yarin ya ce huhunsa ɗaya ya tafi."

"Na sani. Ni na haife shi."

"To ki matsa na wuce."

Umma ba ta matsa ba. Hannun ma bai sauka ba.

"Wancan na riga na yi kukansa na gama," ta ce. "Kar ki sa na fara na wani."

Malama ta ji ƙarar kujera a bayanta. Injiniya ya miƙe.

A waje kuma, aka buɗe ƙofar mota.